Michael Caine, Ɗan Mai Dakon Kifi Da Ya Riƙe Harshen Unguwarsu

A Ingila ta shekarun 1950, da mutum ya buɗe baki an san gidan da ya fito. Lafazin 'ya'yan masu hali daban, na 'ya'yan leburori daban, kuma masu shirya fim a kan haka suke raba aiki. Jarumi sai mai maganar manya. Ɗan talaka kuwa sai dai ya fito a direba, ko ɓarawo, ko kurtun da za a harbe tun fim bai kai rabi ba. Michael Caine yana cikin 'yan ƙalilan da suka karya wannan al'ada, kuma ya karya ta ne ba tare da ya zubar da harshen unguwarsu ba.

An haife shi ranar 14 ga Maris 1933 a unguwar Rotherhithe da ke kudancin Landan, sunansa na yanka Maurice Joseph Micklewhite. Mahaifinsa dakon kifi yake yi a kasuwar Billingsgate, mahaifiyarsa kuma tana shara da girki a gidajen mutane. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka kwashe yaran Landan zuwa karkara saboda bama-baman Jamus, shi aka kai shi Norfolk. Da ya zama saurayi ya yi aikin soja na dole, aka tura shi yaƙin Koriya, inda ya kwaso zazzaɓin cizon sauro.

Bayan ya ajiye kaki ya shiga ƙananan ƙungiyoyin wasan daɓe. A 1954 wakilinsa ya ce masa ya nemi sabon suna nan take, domin wani ɗan wasa ya riga shi wanda yake amfani da shi. Yana cikin rumfar tarho a dandalin Leicester ya hango tallar fim ɗin The Caine Mutiny a jikin silima, ya ɗauki Caine. Suna ya samu, aiki bai samu ba. Kusan shekara goma ya yi yana fitowa na minti ɗaya ko biyu a fim da talabijin, yau da kuɗin haya, gobe babu.

Ƙofa ta buɗe da fim ɗin Zulu na 1964, wanda ya ba da labarin gumurzun Rorke's Drift na 1879 tsakanin sojojin Birtaniya da mayaƙan Zulu. Caine ya je neman matsayin wani kurtu mai lafazin talakawan Landan, ya tarar an ba wani. Daraktan, Cy Endfield, Ba'amurke ne, bai tashi cikin wannan rabe-raben na Ingila ba. Ya dubi dogon saurayin mai farin gashi, ya tambaye shi ko zai iya maganar manya, ya ba shi matsayin Laftanar Bromhead, hafsa ɗan babban gida. Caine ya sha faɗin cewa da daraktan Baturen Ingila ne, ko a mafarki ba zai ba shi ba. Mai kallo ɗan Afirka zai lura cewa labarin daga ɓangaren 'yan mulkin mallaka aka ba da shi, kuma a Afirka ta Kudu aka ɗauke shi lokacin wariyar launin fata. Mangosuthu Buthelezi, wanda daga baya ya zama jigo a siyasar ƙasar, shi ya fito a Sarki Cetshwayo, kakan mahaifiyarsa.

Daga nan sai ya koma muryarsa ta gida, kuma a nan darajarsa take. A The Ipcress File na 1965 ya fito a Harry Palmer, ɗan leƙen asiri mai tabarau, mai dafa abincinsa da kansa, mai ƙorafin albashi, kishiyar James Bond ta kowace fuska. Fim ɗin Alfie na 1966 ya sa sunansa ya shiga takarar Oscar karo na farko. Sai The Italian Job a 1969, sai Get Carter a 1971. A 1972 ya tsaya gaba da gaba da Laurence Olivier, uban 'yan wasan Ingila na zamanin, a cikin Sleuth, kuma dukansu biyu aka sa su takarar Oscar. Yaran unguwannin leburori suka ga mai magana irin tasu a matsayin jarumi, ba yaron jarumi ba.

Bai yi dace a kowane fim ba, kuma bai ɓoye dalili ba. Wanda ya tashi cikin rashi ba ya saurin mayar da aiki. A 1987, daren da aka ba shi Oscar ta farko saboda Hannah and Her Sisters, ba ya zauren. Yana can yana ɗaukar Jaws: The Revenge, fim ɗin da masu sharhi suka yi wa kaca-kaca. Ya ce bai taɓa kallonsa ba, amma ya ga gidan da kuɗin ya gina. Oscar ta biyu ta zo a 2000 saboda The Cider House Rules, kuma a shekarar Sarauniya Elizabeth ta ba shi sarautar Sir, wadda ya karɓa da sunansa na yanka don girmama mahaifinsa.

A talabijin ya fito cikin shirin Jack the Ripper a 1988, ya ci kyautar Golden Globe. A wani fim na 1997 kan Afirka ta Kudu ya fito a F. W. de Klerk, Sidney Poitier kuma ya fito a Nelson Mandela.

Aurensa ma abin a faɗa ne a sana'ar da aure ba ya daɗewa. Ya hango Shakira Baksh, Musulma 'yar ƙasar Guyana, a wata tallar kofi a talabijin, ya bi diddigi har ya same ta, suka yi aure a 1973. Sun haura shekara 50 tare.

Matasan yau galibi sun san shi ne a matsayin Alfred, dattijon da ya raini Batman, tun daga Batman Begins na 2005. Daraktan fim ɗin, Christopher Nolan, ya riƙe shi gam bayan haka: The Prestige, Inception, Interstellar, har Tenet a 2020. Wanda ya kalli waɗannan zai ga dabarar da ya koya wa matasan 'yan wasa a wani shirin BBC na 1987, cewa idan kyamara ta matso fuska, a rage motsi, a tsayar da ido, a bar ƙiftawa. Ba ya ɗaga murya, amma in yana cikin hoto ido a kansa yake.

A 2023 ya fito a The Great Escaper tare da Glenda Jackson, labarin gaske na Bernard Jordan, tsohon sojan ruwa da ya sulale daga gidan kula da tsofaffi a 2014 don halartar bikin cika shekara 70 da saukar dakarun ƙawance a Normandy ta Faransa. Jackson ta rasu kafin fim ɗin ya fito. A watan Oktoba Caine ya sanar da yin ritaya yana da shekara 90, bayan fina-finai fiye da 100, kuma a watan da ya biyo ya fitar da littafinsa na farko na ƙagaggen labari, Deadly Game.