Abubuwan Mamaki a Tsohuwar Ƙasar Buhun Tumatir

A Ingila akwai wani dogon buhun leda da ake sayarwa cike da ƙasar shuka. Ka saya, ka kwantar da shi a bayan gida, ka huda rami biyu ko uku, ka dasa tumatir. Tun shekarun 1970 ya shiga kasuwa. Idan sanyi ya shigo, tumatir ya bushe, wasu sukan kai buhun bola da ƙasarsa. Abin yana yi mini ciwo.

Da farko, abin da ke ciki ba ƙasa ce irin ta gona ba. Shekara da shekaru galibinsa fit ne, wato gansakuka da ciyayin dausayi da suka mutu cikin ruwa, suka kasa ruɓewa sarai don rashin iska. Kaurin fit yana ƙaruwa da kamar milimita 1 a shekara. Ke nan kaurin taƙi ɗaya ya ci wajen shekara 200 kafin ya taru, mutum kuma ya yi noman wata biyar da shi ya zubar! Irin waɗannan dausayoyi ba su wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon ɗin da suka ɓoye ya fi na dukan dazuzzukan duniya. Shi ya sa yanzu ake komawa ga zaren ɓawon kwakwa daga Indiya da Siri Lanka.

Ga wani abin: fit ɗan ruwa ne, amma idan ya bushe ƙayau sai ya ƙi ruwa. Ka zuba, ya gangare ta gefe, ciki yana nan ƙura. Sai an jiƙa shi a bokiti an bar shi ya sha a hankali.

Takin da kamfani ya gauraya a buhun kuwa makonni kaɗan yake yi ya ƙare. Tsohuwar ƙasar ba ta mutu ba, yunwa take ji. Kuma akwai mai son ta a haka, wato karas. Ka ba shi ɗanyen taki, saiwarsa ta yi rassa kamar yatsu. Ka ba shi wannan lallausar ƙasa marar tsakuwa, ya miƙe santal. Latas ma ba ya raina ta, in an ɗan ƙara mata ruɓaɓɓen taki.

Wanda ba a mayar mata shi ne tumatir, da duk danginsa. Dangin kuwa da yawa: dankalin Turawa, tattasai, attaruhu, gauta, har taba. Gida ɗaya suke, cutarsu kusan ɗaya. Cutar da ke sa tumatir yaushi ko an ba shi ruwa tana iya zama cikin ƙasa shekaru tana jira. Masu noman buhu a gidajenmu, wannan gargaɗi har da ku.

Kafin a sake amfani da tsohuwar ƙasar sai an barbaza da hannu. Masu lambu a Ingila suna neman wata farar tsutsa mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, mai cin saiwa. Sukan baza ƙasar a fili, tsuntsaye su tsince.

Zafin rana ma magani ne. A 1976 masana a Isra'ila suka bayyana dabarar lulluɓe jiƙaƙƙiyar ƙasa da leda tsawon mako 4 zuwa 6 a tsakiyar zafi, ƙwayoyin cuta da irin ciyawa su dahu. Da za a tambaye ni, da na ce baƙar leda ce ta dace. Ashe leda garai-garai ɗin nan da ake ganin ciki ta fi gasa ƙasa, domin hasken yana ratsa ta, zafin ya kasa fita.

Wanda ba ya son wahala, ya zazzage buhun a gindin bishiya ko kan kwamin lambu, kada ma ya ɗauki fartanya. Tsutsar nan tana ita za ta ja tsohuwar ƙasar ciki da kanta. Masanin kimiyya Charles Darwin ya shafe sama da shekara 40 yana lura da wannan aiki na tana, kuma a kanta ya rubuta littafinsa na ƙarshe a 1881, shekara ɗaya kafin rasuwarsa.