Zaɓen Harsashin .22 Domin Ƙaramar Libarba

Harsashin da ake kira .22, wato wanda faɗinsa ya kai kusan kashi 22 cikin ɗari na inci, yana cikin jinsin harsasai masu kunnawa ta gefe, waɗanda ake zuba sinadarin da ke tayar da albarushinsu a cikin gefen gindin kwanso, ta yadda gudumar bindiga za ta daki wannan gefe ta haifar da tartsatsi. Bafaranshe Louis-Nicolas Flobert ne ya ƙirƙiro dabarar a 1845, sannan kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da libarbarsa ta farko a 1857 tare da gajeren harsashin da ake kira .22 Short. Wanda ya fi yaɗuwa a yau shi ne .22 Long Rifle na 1887, da shi kuma ake wasu gasannin harbi na Olamfik.

Ma'auni na farko wajen zaɓen harsashi shi ne rubutun da masana'anta ta buga a jikin bindigar, kuma kuskure a nan yana da haɗari. Harsashin .22 Magnum, wanda kamfanin Winchester ya fitar a 1959, kwansonsa ya fi kauri da tsawo, saboda haka idan aka sa Long Rifle a gurbin Magnum zai zauna sako-sako, kwanson yana iya tsagewa ya feso iskar gas mai zafi wajen mai harbi. Wannan ne ya sa kamfanin Ruger yake sayar da wasu libarbobinsa na Single-Six da silinda biyu, wato gangar da ke juyawa da harsasai, kowace da nata irin. Gurbin Long Rifle yana karɓar Short ba tare da haɗari ba, sai dai gajeren kwanso yana barin zoben dauɗa da zai hana dogon shiga idan ba a goge ba. Tsofaffin libarbobi na zamanin baƙin albarushi kuwa ba a ƙera su domin ƙarfin harsashin yau ba.

Inda masu saye suka fi ruɗuwa shi ne saurin da ake rubutawa a kwali, domin galibi da doguwar bindiga ake auna shi. Bututun libarba gajere ne, kuma akwai 'yar tsaga tsakaninsa da silinda inda gas ke zurarewa, don haka harsashi mai tsananin sauri yakan ƙare da ƙara da walƙiya fiye da amfani. Ga mai harbin allo, harsashin dalma mai matsakaicin sauri da nauyin kusan giram 2.6 ya fi dacewa, musamman da yake libarba ba ta dogara da ƙarfin harsashi wajen kawo na gaba.

Abin da ya cancanci kuɗin mai saye shi ne daidaito, domin raunin wannan jinsi yana wajen sinadarin da wani lokaci ba ya zagaye gefen gaba ɗaya, sai harsashi ya ƙi tashi. Kamfanoni irin su Eley na Ingila da CCI na Amurka sun yi suna a kan daidaito, amma kowace bindiga tana da irin da ya fi karɓarta, kuma gwaji a filin harbi ne ke bayyana shi. Idan harsashi ya ƙi tashi, ƙa'ida ita ce a bar bakin bindiga yana fuskantar allo na kusan daƙiƙa 30 kafin a buɗe. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa.