Usur 37 a Dallas da Dokar da Ta Sauya

Ranar 2 ga Afrilun 2023, a birnin Dallas na Amurka, jami'ar LSU ta doke Iowa da ci 102 da 85 a wasan ƙarshe na ƙwallon kwandon mata na jami'o'i. Mutum kusan miliyan 10 ne suka kalla a talabijin, amma da gari ya waye maganar alƙalan wasa ce a bakin kowa. Sau 37 suka busa laifi a wasan minti 40.

Wanda ya fi tunzura jama'a ya faru ne a zango na uku. An tsayar da wasa, sai Caitlin Clark, tauraruwar Iowa, ta wurga ƙwallo ta bayanta zuwa wajen fili. Da ma an riga an gargaɗi ƙungiyarta kan ɓata lokaci, don haka aka rubuta mata laifin rashin ɗa'a. Shi ne laifinta na huɗu, kuma a wannan wasa duk wadda ta yi biyar ta fita ke nan. Dole ta riƙa taka-tsantsan har aka tashi. Magoya bayan Iowa suka ce ga kociyar LSU, Kim Mulkey, tana ta shigowa cikin fili ba wanda ya ce mata uffan.

Alƙaliyar da ta busa laifin dai doka ta bi. Dokar ce ba ta da kan gado, domin gargaɗin da aka yi wa ƙungiya guda ya faɗa kan 'yar wasa ɗaya. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta gyara ta kafin kakar 2023/2024: irin wannan laifi yanzu ƙungiya ake ɗora wa. Binciken hukumar ya kuma nuna kashi 88 cikin ɗari na hukuncin wannan wasa ne suka dace, ƙasa da kashi 91 da aka saba samu. A nan 'yan kallo suna da gaskiya, kuma hayaniyarsu ta yi rana.

Shekara ta zagayo, a Cleveland, Iowa ta sake samun kanta a tsakiyar rigima, sai dai wannan karon usur ya yi mata daɗi. Saura daƙiƙa 3.9 a tashi wasan kusa da na ƙarshe, jami'ar UConn na neman kwandon nasara, aka kama 'yar wasanta Aaliyah Edwards da laifin tare Gabbie Marshall ta Iowa ba tare da ta tsaya cak ba. Iowa ta ci 71 da 69. Mutane da yawa suka ce a irin wannan lokaci alƙali haɗiye usur yake yi, ya bar 'yan wasa su raba gardama.

Ban yarda da wannan ba. Mai yi wa abokiyar wasanta shinge dole ta kafe ƙafafunta kafin a yi karo, kuma hoton bidiyo ya nuna Edwards tana motsi. Abin da yake laifi a minti na farko laifi ne a na ƙarshe. In aka ce alƙali ya kau da kai, Marshall da ke tsaron gida aka zalunta.

Inda ya kamata magoya baya su matsa shi ne horon alƙalai da albashinsu. Kamfanin dillancin labarai na AP ya gano cewa a kakar 2021/2022 alƙalan wasannin maza suna karɓar kimanin kashi 22 cikin ɗari fiye da na wasannin mata a kowane wasa. Ga shi wasan ƙarshe na mata a 2024, wanda South Carolina ta ci Iowa 87 da 75, ya tara masu kallo sama da miliyan 18, fiye da na maza.