Kayan da Sojoji Suka Yi Gadi a Maryland

Ranar Asabar 18 ga Afrilu, 2020, wani jirgin kamfanin Korean Air ya sauka a filin jirgin sama na Baltimore da ke jihar Maryland a Amurka. Babu fasinja ko ɗaya a cikinsa. Amma ga Gwamna Larry Hogan da uwargidansa Yumi a tsaye suna jiransa, ga 'yan sanda, ga sojojin jiha. Mai karatu, wane irin kaya ake yi wa tarba haka?

Kayan gwajin cutar korona ne, har guda 500,000.

A wancan watan Amurka, duk arzikinta, ta rasa isassun kayan gwaji da takunkumin fuska. Shugaba Donald Trump ya nuna wa gwamnoni cewa kowa tasa ta fisshe shi, sai jihohi suka faɗa kasuwar duniya suna taya kaya ɗaya, wannan ya sa kuɗi, wancan ya ɗora. Abin bai tsaya nan ba. Jihar Massachusetts ta koka cewa ta yi odar takunkumi miliyan 3, aka ƙwace su a tashar jirgin ruwa ta New York. Da kai ne gwamna, mai karatu, mutanenka na mutuwa, gwamnatin ƙasarka kuma ta zama abokiyar takararka a kasuwa, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa?

Hogan ta surukai ya ƙwanƙwasa. Yumi haifaffiyar Koriya ta Kudu ce, ƙasar da a lokacin ake jinjina mata wajen gwaji, kuma mutanen can suna kiran Hogan surukin Koriya. Ita ta riƙa magana da jami'ansu a waya da harshensu, har cikin dare, saboda bambancin lokaci. Aka shafe kwana 22 ana ciniki a asirce kafin a daidaita da wani kamfani mai suna LabGenomics a kan dala miliyan 9 da 'yan kai. Gwamna da bakinsa ya bayyana daga baya cewa da gangan aka sauke jirgin a Baltimore maimakon filin Dulles da ke kusa da Washington, don gudun kada jami'an tarayya su yi awon gaba da kayan. Daga filin jirgi aka wuce da su wani ɓoyayyen wuri, sojoji da 'yan sanda na gadi. Ka dubi wannan al'amari: gwamna ɗan jam'iyyar shugaban ƙasa yana ɓoye wa gwamnatin ƙasarsa kayan asibiti!

Duniya ta ɗauka. Gidajen talabijin suka yi ta gayyatar Hogan, Trump ya ji haushi ya ce babu buƙatar zuwa Koriya. Sai dai makonni suka wuce, 'yan majalisar jiha da masu gidajen kula da tsofaffi suka fara tambaya: ina kayan suke?

Amsar farko ita ce kayan ba su cika ba. Gwajin korona ba abu guda ba ne. Sai da dogon tsinken da ake zura wa mutum a hanci, da ruwan da ake ajiye shi a ciki, da sinadarin da ke tsamo ƙwayar halittar cutar, sannan abin da aka sayo daga Koriya ya yi aikinsa. An sayo turmi ke nan babu taɓarya. Shi kuwa tsinken nan da ba ya ɗaukar ido, kamfanoni biyu ne suka fi yin sa: Puritan a jihar Maine, da Copan a birnin Brescia na yankin Lombardy a Italiya, wato tsakiyar inda annobar ta fi yin ɓarna a Turai a lokacin. Wa ya taɓa zaton ɗan tsinke zai tsayar da ƙasa kamar Amurka?

Amsa ta biyu ta fi ɗaci, kuma sai a watan Nuwamba jaridar Washington Post ta tono ta. Kayan da aka yi wa gadi da bindiga suna da matsala, ba su dace da abin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi ba, kuma ba a yi wa jama'a gwaji da su ba. A ɓoye aka mayar wa kamfanin, jihar ta ƙara dala miliyan 2.5 aka aiko mata da wasu 500,000. Ni ban ga laifin gwamnan da ya yi gaggawa rai na salwanta ba. Shirun da ya biyo baya ne ke da wuyar haɗiya. Kai fa, mai karatu, bayan an gama yi maka tafi, za ka iya fitowa ka ce kayan ba su yi ba?

Hogan dai cewa ya yi musanya aka yi da samfurin da ya fi kyau, kamar yadda mutum ke canza iPhone. A 2021 masu binciken kuɗi na majalisar jihar suka bi diddigin cinikin da ya lashe kusan dala miliyan 12. Suka nemi rubutacciyar kwangilar da aka ƙulla da kamfanin, ba su samu ba.