Tsufa da tsadar rayuwa: Yadda rashin kuɗi ke jefa dattawan Malali cikin damuwa

Bayan sallar La'asar a unguwar Malali da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, ba a rasa dattawa zaune a ƙofar masallaci ko gindin bishiya. Da yawansu tsofaffin ma'aikata ne da suka yi ritaya. Idan ka saurari hirarsu, ba ta wuce fansho da kuɗin magani da farashin kwanon masara.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi. Dattijon da ya saba bayar da kuɗin cefane da hannunsa yanzu jiran 'ya'ya yake, su ma kuwa ta kansu suke yi. Wani kan rage maganin hawan jini ko na suga don a samu a ɗora tukunya. Wata kan daina zuwa biki da suna saboda ba ta da abin gudunmawa, sai zaman kaɗaici ya biyo baya.

Likitoci sun ce ta irin wannan hanya ciwon damuwa ke shiga. Alamominsa sun haɗa da rashin barci, ƙin cin abinci, yawan shiru da saurin fushi. A gida sai a ce tsufa ne kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. A Najeriya, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda mujallar The Lancet ta wallafa a 2007, ya gano cewa kashi 37 cikin 100 ne kacal na tsofaffin da suka taɓa yin ciwon damuwa suka samu wani magani, kuma marasa hali ne aka fi bari a baya.

Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana Barnawa, tsallaken Kogin Kaduna. Daga Malali sai an biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ga na kati da na magani, ga tsoron kada maƙwabta su ce mutum ya haukace.

A Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958. Jihar Kaduna kuma na da hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA, inda iyali za su iya neman bayanin yadda ake yi wa iyaye rajista.

Ciwon damuwa yana da magani. Idan mahaifinka ko mahaifiyarka ta yi sama da mako biyu ba walwala, ba barci, ku fara da asibitin da ya fi kusa, ku gaya wa likita duk abin da kuka lura da shi.