Awon iskar jini: me ya sa na'ura ba ta daɗewa cikin jijiya?

In ka ja numfashi, huhunka na zuba iskar oksijan cikin jini, ya fitar da iskar karbon. In ciwo ya yi tsanani, dole lokotoro ya san yawan iskokin ga biyu. Sai ya soka allura ga jijiyar wuyan hannu, ya ɗebi jini, a auna. Na'urar awon oksijan, wani Ba'amurke, Leland Clark, ya bayyana ta a 1956. Ta awon iskar karbon kuwa, John Severinghaus ya kyautata ta a 1958.

Amma ka san jinin mai jinya na iya canzawa cikin mintoci kaɗan. Awon safe ba shi gaya maka halin maraice. Don haka masana sunka ƙera na'ura siririya kamar zare, mai kaurin rabin milimeta, wadda ake zurawa cikin jijiya ta yi ta awo dare da rana. An yi aiki da ita a wasu asibitocin Turai da Amurka a shekarun 1990. Daga baya anka daina saida ta. Ga dalilai.

Na fari, jini ba shi son baƙo. Ka ga yadda yake daskarewa in ka yanke? Haka yake manne wa na'urar, ya rufe ta. Gudan jinin kuma na iya toshe jijiya.

Na biyu, in bakin na'urar ya jingina ga bangon jijiya, iskar nama yake aunawa, ba ta jini ba.

Na uku, kowane ma'auni na kaucewa. Ɗan kasuwa na gwada sikelinsa da dutsen kilo. Na'urar da ke cikin jiki fa, yaya za a gwada ta? Sai an sake ɗibar jini.

Na huɗu, tsada da saurin lalacewa.

Yau abin da ka fi gani a asibiti shi ne ƴar na'urar da ake maƙalawa ga yatsa. Oksijan kaɗai take aunawa, kuma ga mai baƙar fata takan nuna fiye da gaskiya. Saboda haka, in lokotoro ya nemi jinin majinyacinka sau da yawa, kada ka hana. Da wannan awon ne yake sanin iskar da za a ƙara masa.