Abin da ya kamata ku sani game da tirabulan jirgin katamaran

Kwale-kwalen da mutumin Mahuta, a ƙaramar hukumar Chikun, ya sani shi ne na Kogin Kaduna, wanda masunta ke turawa da gora. Jirgin da iska ke ja kuwa sai an gangara Legas, inda kulob ɗin Lagos Yacht Club, da aka kafa a 1932, ke shirya tseren ƙananan jirage, ciki har da Hobie 16 mai jiki biyu. Jirgi mai jiki biyu da aka haɗa da dandamali shi ake kira katamaran. Tun a shekarun 1950 wani Bature ɗan Ingila, James Wharram, ya kammala ƙetare Tekun Atilantika a cikin wani ƙarami da ya ƙera da hannunsa. Yau manyansu, masu ɗakunan kwana da kicin, kamfanoni irin su Lagoon da Fountaine Pajot na Faransa ne ke ƙera su, da Robertson and Caine a Afirka ta Kudu.

A jikin irin wannan jirgi akwai wani ƙarfe da baƙo ba ya ko kallo, amma lafiyar tafiya ta rataya a kansa. Masu jirgi na ce masa tirabula. Duk wanda ya taɓa tura get ɗin gida mai gudu a kan layi, irin wanda masu walda ke haɗawa a unguwannin Kaduna, ya riga ya fahimci rabin zancen. Layi ne na alminiyam da aka ɗaure a gicciye a bayan jirgi ko a saman rumfarsa, da ɗan keke mai 'ya'yan boris yana yawo a kai. Igiyar da ke riƙe sandar ƙasan babban ƙyallen jirgi a jikin keken nan take ɗaure. Wasu igiyoyi biyu, ta hagu da ta dama, su ke jan keken ko su sake shi. Idan matuƙi ya matsar da keke, ƙyallen ya sauya fuska ga iska ba tare da ya ɓata siffarsa ba.

A katamaran aikin nan ya fi nauyi. Jirgi mai jiki ɗaya in iska ta yi ƙarfi sai ya karkata, wani kaso na iskar ya zube ta saman ƙyalle, matuƙi ma ya ji a jikinsa cewa abu ya fara yawa. Katamaran ba ya karkata sai kaɗan. Mutane na shan shayi hankali kwance, alhali duk ƙarfin iskar na sauka a kan igiya da keke da notunan da ke riƙe layi. Ƙarfin kuma ba a hankali yake hawa ba: in gudun iska ya ninka sau biyu, turin da take yi wa ƙyalle ya ninka sau huɗu. Don haka in guguwa ta taso, abu na farko da ƙwararren matuƙi ke yi shi ne sakin keken ya zame, ƙyalle ya zubar da iska, sannan a rage shi. Keken da ya cije a wannan lokaci zai iya jawo yagewar ƙyalle, ko karyewar wani ƙarfe, ko abin da ya fi haka muni.

Me ke sa shi cijewa? Gishiri da ƙura. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Ruwa ya fantsamo, rana ta busar da shi, gishirin ya zauna a cikin boris. A gaɓar Afirka ta Yamma ga kuma ƙurar hunturu da ke kaiwa har cikin teku. 'Ya'yan boris ɗin galibi na roba mai tauri ne, Delrin ko Torlon, salon da kamfanin Harken na Amurka ya yi suna da shi. In suka daɗe suna birgima a kan gishiri, sai ka ciro ɗaya ka ga gefensa ya lafe, ya daina zama ƙwallo, kuma in ka tura keken ka ji yana gurzawa a tafin hannunka.

Maganin yana da arha: ruwan daɗi da ɗan sabulu, a watsa cikin keken ana kai shi ana kawowa har ya saki. A nan ne makanikenmu na gida zai iya yin ɓarna da kyakkyawar niyya, domin hannunsa ya saba da giris. Giris kama ƙura da gishiri yake yi su dunƙule, 'ya'yan boris su daina juyawa su koma jan ciki. Ɗigon man da aka yi musamman don wannan boris ya wadatar.

Cuta ta biyu a ɓoye take. Layin alminiyam ne, notunan kuma na sitenles, ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. In ƙarfe iri biyu suka haɗu, ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, sai wata 'yar wutar lantarki ta riƙa gudana, alminiyam ɗin ne kuma ke cinyewa. Alamarta farin gari a kewayen kan noti. Wanda ya ga wannan gari ya yi shiru, ranar da zai kwance notin sai dai ya huda shi. Shi ya sa ake shafa wa kowane noti man raba ƙarfe, irin Tef-Gel ko Duralac, kafin a ɗaure. Shi kansa sitenles, ko da mai lamba 316 ne da ake so a teku, yana ruɓewa a inda ruwa ya kwanta iska ba ta shiga, wato daidai cikin ramin da ido ba ya gani.

A ganina, nan ne masu jirgi suka fi yin sakaci. Rufin katamaran faiba ce fata biyu, da katakon balsa ko kumfa a tsakiya don ya yi sauƙi. Ruwa in ya bi ramin noti ya jiƙa balsa, sai ya ruɓe, rufin ya yi laushi. A sayo keke mafi tsada a duniya a ɗora a irin wannan wuri, iska za ta tumɓuke shi har da layinsa. Kafin a sayi komai, a leƙa ta ƙasa a ga ko akwai farantin ƙarfe da ke rarraba nauyin notuna, a duba sawun ruwa mai ruwan ƙasa, a taka wurin a ji ko yana lotsawa. In da matsala, a cire layin, a ƙwaƙule katakon da ya ruɓe, a cike da gam ɗin efoksi, a sake hudawa, a toshe da abin hana ruwa.

Sai maganar sauya sabo. Girman ƙyalle da nauyin jirgi ake dubawa, ba tsawonsa kaɗai ba, domin katamaran na buƙatar keken da ya fi na jirgi mai jiki ɗaya da suke tsawo ɗaya ƙarfi. Keken wani kamfani ba safai yake hawa layin wani ba, tazarar ramuka ma takan bambanta. In jan igiya na wahalarwa, ana ƙara fuli: ninki huɗu na rage ƙarfin da hannu zai sa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma igiyar da za a ja ta ƙara tsawo sau huɗu. Matosan da ke ƙarshen layi su ma a duba su, don su ke tare keken in iska ta juya sanda ba zato ta wurga shi daga wannan gefe zuwa wancan. Saboda wannan wurgi ne ba a barin yaro ya zauna a kan layin ko ya ɗora yatsa.

Ranar da za a zare tsohon keke, a tanadi ɗan guntun layin da ake zura shi a kai, a shimfiɗa tawul, a toshe magudanan ruwa. A tsofaffin samfura babu abin da ke riƙe 'ya'yan boris sai layin kansa, kuma da zarar keken ya bar shi za su watse su gangara teku.